Gargaɗi ga Dattawan Oko-Oba: Ba a Sayen Fansho da Kuɗi, Ba a Shiga Rajistar Tallafi da Na Goro

Zuwa ga iyayenmu dattawa, maza da mata, da sauran 'yan uwa mazauna Oko-Oba da Zangon Agege da kewaye.

Wannan gargaɗi ne na gaggawa a kan kuɗin tsufa, wato fanshon wanda ya yi aikin gwamnati ko na kamfani, da tallafin da gwamnati ke ba gidajen marasa ƙarfi. Jigon maganar shi ne: babu hukumar fansho ko ta tallafi a Najeriya da ke karɓar kuɗi kafin ta biya mutum haƙƙinsa, kuma babu wadda ke tambayar lambar sirrin katin banki ta waya. Duk wanda ya nemi ɗayan biyun nan ɓarawo ne, ko da ya yi maka sallama da Hausa tsantsa, ko da ya faɗi sunanka da sunan ma'aikatar da ka bari. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Me ya sa abin ya tsananta yanzu?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta fi kama tsoho fiye da kowa. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, Jihar Legas ta kai nata 85,000, amma dattijon da ƙarfinsa ya ƙare ba ya karɓar albashi. Ga kuɗin haya, ga maganin hawan jini da na ciwon suga, ga jikoki da aka bar masa. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka kira shi aka ce kuɗinsa sun fito, zuciyarsa ce ke amsawa kafin hankalinsa.

'Yan damfara sun san haka, kuma su ma suna sauraron labarai. A Oktoban 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku. A Fabrairun 2025 ta amince a ciwo bashin naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho da suka taru. Duk sanarwa irin wannan gaskiya ce, kuma a bayanta ɓarayi ke fakewa. Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, da hukumar PTAD mai kula da fanshon tsohon tsari sun sha fitar da sanarwa cewa ma'aikatansu ba sa neman ko sisi daga ɗan fansho.

Hanyoyin da suke bi

Ta farko ita ce kiran waya. Wani zai kira ya ce daga Abuja yake, ariyas ɗinka ko giratutinka ya fito, sai dai fayil ɗin ya maƙale a tebur, a turo ɗan wani abu a ture shi. Wani lokaci ba zai nemi kuɗi ba, sai ya ce yanzu za ka ga wasu lambobi sun shigo wayarka, ka karanto masa don a tabbatar kai ne. Lambobin nan su ne mabuɗin asusunka. Kana karanto su, kafin ka ajiye waya an yashe abin da ke ciki. Alamar da ba ta ɓuya a irin wannan kira ita ce gaggawa: yau ake rufewa, kada ka faɗa wa kowa, kada ka kashe waya. Ofishin gwamnati ba ya hana ka shawara da ɗanka.

Ta biyu ita ce sayar da fom. Mutum zai zo majalisa ko ƙofar masallaci da jaka da kati a wuya, ya ce ana rubuta sunayen tsofaffi da zawarawa don tallafi, fom kaza ne, a kawo lambar NIN da ta BVN da hoto. Zai tafi da kuɗin, ya tafi da bayanan, kuma bayanan sun fi kuɗin haɗari, domin da su ake buɗe asusu ko a ci bashi da sunanka ba ka sani ba.

Ta uku ita ce saƙon da ake yaɗawa ta WhatsApp da Facebook, mai ɗauke da tambarin gwamnati da hoton shugaban ƙasa, ana cewa a latsa nan a cike, sannan a tura wa mutum goma. Yaranmu ne ke cike wa iyaye irin wannan da kyakkyawar niyya, su zuba bayanan gida gaba ɗaya a hannun wanda ba su sani ba.

Ta huɗu ta fi ciwo, domin a cikin gida take. Dattijo bai iya cire kuɗi da kansa ba, sai ya ba wani katinsa da lambar sirri, ko ya faɗa wa mai POS lambar da ƙarfi a gaban jama'a. Daga nan kuɗi su riƙa zurarewa kaɗan-kaɗan. Haka kuma layin waya: in aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sake sayar da shi ga wani. In asusunka na haɗe da wannan layi, saƙonnin bankinka wajen baƙo za su riƙa zuwa. Wanda wayarsa ta ɓata, ya garzaya banki da ofishin kamfanin layi a ranar, a rufe.

Ta biyar tana jiran ranar da aka biya dunƙulen kuɗin ritaya. A ranar ne masu cewa a zuba jari a ninka a wata guda ke bayyana. MMM ta rushe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma kafin kowace ta rushe akwai waɗanda aka biya da farko don su jawo 'yan uwansu. Matashi in ya yi asara yana da sauran shekarun nema. Tsoho in giratutinsa ya tafi, ya tafi ke nan. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A karar Oko-Oba ba wanda ke biyan kuɗin bijimi bai gan shi ba, bai duba haƙoransa ba, bai san dillalin da ya tsaya masa ba. Wannan taka-tsantsan ɗin ake so dattijo ya yi da duk wanda ya zo masa da maganar fansho.

Ka san ƙofar da haƙƙinka yake

Yawancin waɗanda ake cuta, ana samunsu ne don ba su san wace hukuma ke riƙe da kuɗinsu ba. Ga yadda abin yake.

Ma'aikatan tarayya na tsohon tsari, waɗanda suka yi ritaya zuwa ƙarshen Yunin 2007, irin su tsofaffin 'yan sanda da kwastan da ma'aikatan gidan yari da na reluwe da na NITEL, suna hannun PTAD, wadda aka kafa a 2013. Tana da tsarin da ɗan fansho ke nuna yana raye ta hanyar hoton fuskarsa a waya ko yatsarsa, kuma kyauta ne. Wanda ya yi sakaci da shi ana iya dakatar da kuɗinsa. Tsofaffin sojoji kuwa suna da hukumar fanshonsu daban.

Waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin sabon tsari, wanda dokar 2004 ta kawo aka kuma sabunta ta a 2014, kuɗinsu na cikin asusun ajiyar ritaya mai ɗauke da sunansu, a hannun kamfanin kula da fansho da suka zaɓa, PenCom kuma na sa ido. Ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya zuba kashi 10. Ma'aikatan Jihar Legas sun shiga irin wannan tsari da dokar jihar ta 2007, hukumar LASPEC da ke Alausa a Ikeja ce ke kula da shi. Wanda kuma ya yi wa Kano ko Katsina ko Sakkwato aiki sannan ya dawo Legas wajen 'ya'yansa, haƙƙinsa na hukumar fanshon jiharsa, can zai bi sawu, kuma in an kira tantancewa shi da kansa ake so.

Akwai abubuwan da doka ta ba ka waɗanda ba a cika faɗa ba. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana da ikon cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Tun Nuwambar 2020 mutum na iya sauya kamfanin da ke kula da fanshonsa sau ɗaya a shekara in bai gamsu da shi ba. Tun 2021 akwai wani rukunin asusu da ake kira na shida, wanda ba a juya kuɗinsa ta hanyar ruwa, ga mai son kauce wa riba. Masu gadi da direbobi da leburorin da ke aiki a kamfanonin Ikeja da Ogba su lura: kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye wajibi ne ya shiga tsarin, kuma ya tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. In ana cire maka a takardar albashi amma ba ka ganin saƙon shigarsu, je ka nemi bayanin asusunka tun kana bakin aiki, ka kai ƙara PenCom.

Ranar ritaya kuma akwai zaɓi biyu, a nan ma a buɗe ido. Ko kamfanin fansho ya riƙa biyanka wata-wata daga asusunka, abin da ya rage bayan ranka na magada ne. Ko ka miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyanka har ƙarshen rayuwa, amma in ka rasu bayan shekara 10 da farawa magada ba su da komai. Wanda ya koma inshora ba ya iya dawowa. Kowanne na da amfaninsa, sai dai 'yan kamasho kan faɗi rabin magana. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ita da Hausa ba.

Takardu: ɓarawon da ba ya zuwa da fuska

Ba duk asarar fansho ce ɗan damfara ke jawowa ba. Da yawa sakacin takarda ne. Mutum sunansa Muhammadu a katin ɗan ƙasa, Mamman a banki, Mohammed a takardar ɗaukar aiki. Shekarar haihuwarsa ta NIN daban, ta ofis daban. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, sai ta ƙi biya. Waɗanda suka buɗe asusun fansho kafin Yulin 2019 an buƙaci su je kamfaninsu a sake ɗaukar bayanansu a haɗa da NIN. Wanda bai yi ba, ranar karɓa zai ga jinkiri. A je a daidaita suna da ranar haihuwa tun ƙafa na iya hawa mota.

Sai maganar bayan rai, wadda ba mu son yi amma dole ce. Dattijo ya sanar da iyalinsa sunan kamfanin fanshonsa da lambar asusunsa da inda takardunsa suke. In ya rasu, kamfani zai nemi takardar shaidar mutuwa da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado, wadda a Legas ake nema a sashen gado na babbar kotu. Mu kan binne mamacinmu a ranar, kamar yadda addini ya koyar, amma sau da yawa ba a karɓi takardar asibiti ko ta hukumar ƙidaya ba. Bayan wata shida sai a bar gwauruwa da marayu suna zarya tsakanin ofisoshi. Wanda ya rasu yana bakin aiki kuma, doka ta wajabta wa mai aikinsa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su san su nema ba.

Gaskiyar magana ga wanda bai yi aikin albashi ba

Mafi yawan dattawanmu a nan ba su taɓa karɓar albashi ba. Hausawa sun zauna Agege ne ta fataucin goro da shanu tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Arewa, kuma har yau abincinmu a fawa yake, da dillanci, da dako, da tireda, da acaba, da sayar da abinci. Mahaucin da ya yi shekara arba'in a mayanka, da uwar da ta tsufa a bakin murhun tuwon sayarwa, ba su da fayil a kowane ofishin fansho. Su ne masu fom ɗin ƙarya suka fi nema.

To a ji da kyau: har yanzu gwamnatin tarayya ba ta da wani albashin tsufa da take ba kowane dattijo wata-wata don kawai ya tsufa. Wasu ƙasashen Afirka suna da shi. Afirka ta Kudu na biyan wanda ya kai shekara 60 in aka auna samunsa da dukiyarsa aka ga ba su kai wani mizani ba. Lesotho tun 2004, da Kenya tun 2018, suna biyan waɗanda suka kai 70. A nan gida jihohi ne suka ɗan gwada: Ekiti ta fara ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000 a wata a 2011, Osun ta biyo da 10,000 ga wasu 'yan kaɗan. An kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da dokar 2017, ta fara aiki a 2021, amma ba ta raba wa kowa albashi. Saboda haka duk wanda ya ce yana rubuta suna don albashin tsofaffi na tarayya, ƙarya yake yi.

Abin da ke akwai shi ne rajistar gidajen marasa ƙarfi ta ƙasa, wadda daga cikinta ake zaɓo masu karɓar tallafi, tun na naira 5,000 a wata na zamanin Buhari har zuwa na 25,000. Yadda aka tsara ta, jami'an jiha da na ƙaramar hukuma ne ke zuwa unguwa a bainar jama'a, mutanen unguwa su nuna gidajen da suka fi buƙata, sannan a bi gida-gida a auna halin da suke ciki. Ba a biyan kuɗin fom, ba a yi a ɓoye. Shiga rajistar ma ba alkawarin samun kuɗi ba ne. Shirin kansa ya sha tangal-tangal, har aka dakatar da shi a Janairun 2024 bayan zargin almundahana a ma'aikatar jinƙai, daga baya aka dawo da shi da sharaɗin sai an tantance mutum da NIN.

Akwai matsalar da ta shafe mu mu kaɗai. Dattijon da ya yi shekara hamsin a Legas, a garinsu ba a ƙirga shi don ba ya nan, a nan kuma ana yi masa kallon baƙo, ko da a Agege aka yanke cibiyar 'ya'yansa da jikokinsa. Maganin wannan shi ne shaidar zama. Kowa ya yi rajistar mazauna Legas ta LASRRA, kyauta ce, ya kuma tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, domin kuɗin asibiti ne ke fara cinye ɗan abin da tsoho ya tara.

Ga matasa da magidanta

Ku da kuke da ƙarfi a yau, ku dubi iyayenmu ku ɗauki darasi. A Maris ɗin 2019 aka ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho don masu sana'ar kansu: mahauci da tela da ɗan acaba na iya buɗe asusu a kamfanin fansho mai lasisi, ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kullum ko mako-mako ko wata-wata. Yadda aka tsara shi a lokacin, kashi 40 ana iya cirewa in buƙata ta taso, kashi 60 sai tsufa. Wanda hankalinsa bai kwanta da shi ba, ya sayi fili ko dabba a gida, ko ya riƙe adashi na amana. Abin da ba shi da kyau shi ne a ci na yau duka a bar gobe a wuyan 'ya'ya, alhali su ma ba a san halin da za su tsinci kansu ba.

Kuma ku ne garkuwar iyayenku. Ku raka su banki, ku raka su ofishin fansho, ku riƙa duba musu saƙon waya. Wanda aka ba amanar katin mahaifinsa ko na kakarsa ya ji tsoron Allah, ya nuna musu rasit duk lokacin da ya cire.

Ga shugabanni da hukuma

Sarkin Hausawa da Sarkin Fawa da shugabannin kara da limamai da ƙungiyoyin mata, nauyin nan a wuyanku yake. A yi shela bayan sallar Juma'a da wajen taron suna da ɗaurin aure. Duk wanda ya zo rubuta sunaye a unguwa, a fara kai shi gaban mai unguwa, a tabbatar daga sakatariyar ƙaramar hukuma kafin kowa ya miƙa lambarsa. A samu matasa biyu ko uku masu ilimi da amana a kowane masallaci, waɗanda dattijo zai kai wa saƙo ko takarda su karanta masa ba tare da ya biya ba. Masu fitar da zakka a kasuwar shanu su tuna da tsofaffin abokan sana'arsu da ke kwance a ɗaki, waɗanda kunya ta hana su roƙo.

Hukuma kuma ta san cewa rashin biya a kan lokaci shi ke tura mutane hannun 'yan cuwa-cuwa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka sake duba albashi, ya kuma lissafa kula da tsofaffi cikin manufofin ƙasa. Mun ga yadda manya suka ci wannan amana: a Nuwambar 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa gyaran harkar fansho, shekara takwas kan halatta kuɗin haram na sama da naira biliyan biyu. Muna kira ga gwamnatin tarayya da ta Legas su kafa tallafin tsufa na dindindin da doka, su yi sanarwarsa da Hausa da Yarabanci, su kuma ƙirga kowane mazauni a inda yake zaune.

Abin da za a riƙe

Kada ka biya kowa don a fito maka da fansho ko a sa ka a tallafi. Kada ka faɗi lambar sirrin katinka ko lambobin da banki ya turo maka, ko da wa ke tambaya. In an kira ka, kashe wayar ka je ofishin da ƙafarka tare da wanda ka yarda da shi. In an riga an cuce ka, kada kunya ta sa ka yi shiru: je banki nan take a rufe asusun, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, ka kuma faɗa wa maƙwabta don kada a kama na gaba.

Iyayenmu, guminku ne, ku tsare shi. 'Yan uwa, ku isar da wannan saƙo ga kowane dattijo da ke gidanku da layinku a yau ɗin nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mu daga azzalumai, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.